Ƙaramar Kat-kat Ta Faɗi Bizit

Matameye, watan Sha'aban

Zuwa ga ɗiyata Zuhra, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mamanki tana gaishe ku. Kin san waya ta daina yi mini amfani tun da kunnen nan ya yi nauyi, muryarki nake ji kamar daga ƙasan rijiya, shi ya sa na koma ga takarda. Na ba direban bas ɗin da ya saba kai muku saƙo, tare da ɗaurin rake da ƙullin busasshen zogale.

Akwai labarin da nake so ki ji daga bakina kafin Mamanki ta ƙara masa gishiri. Ranar Talata na kai ƙaramar kat-kat ɗina, motar nan tawa mai ja da ƙafa huɗu, Damagaram wurin bizit, binciken nan na lafiyar mota da jandarma ke tambayar takardarsa a hanya. Tun da na saye ta, lokacin ina aikin malamin dabbobi, ba ta taɓa ba ni kunya a wurin nan ba. Na wanke ta da kaina tun daren Litinin, na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. To, bana ta faɗi.

Sun ɗora ƙafafunta a kan wasu ƙarafa masu juyawa, aka ce in taka birki, na taka. Mai binciken, wani saurayi mai ladabi, ya dubi allonsa ya ce in sake. Daga nan ya shiga ramin da ke ƙarƙashinta da fitila a hannu, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya ja ni gefe, ya ɗaga murya saboda kunnena, har duk masu jiran layi suka ji. Ya ce birkin baya na dama ba ya kamawa, tsatsa ta ci ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, fitilar hagu kuma sama take kallo kamar mai duban wata. Na ce masa motar nan ta shiga wuraren da jaki ke tsayawa ya yi tunani. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ban musa ba, amma abin da na'ura ta nuna shi zan rubuta."

Na dawo a hankali, ina bin gefen kwalta, ban buɗe rediyo ba.

Sun ba ni lokaci in gyara in koma. Salisu makanike ya duba, ya ce gyara ne mai yiwuwa, sai dai a jira kaya daga Kano, a kuma yi mata walda a ƙasa. Abin da ya dame ni Gwaggonki Habi ce. Kin san duk wata nake zuwa ƙauyensu bayan Tsauni in ɗauko ta zuwa likita saboda hawan jini da ƙirjin nan nata, kuma hanyar yashi ce zalla daga inda jar ƙasa ta ƙare. Wannan watan na riga na kawo ta, an ba ta magani. Kafin wata mai zuwa ina fatan an gama.

Ki gaishe mini da maigidanki Nasrullahi, ki ce na gode da tabaron da ya aiko. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Lawwali


Yamai, ƙarshen Sha'aban

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, da fatan jiki da sauƙi. Rake ya iso, yara sun cinye shi a yini guda, har faɗa suka yi a kan gaɓar ƙarshe. Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da na karanta takardarka ban ji haushin mai binciken nan ba, addu'a na yi masa. Mama ta gaya mini a waya abin da kai ba ka rubuta ba. Ta ce ranar kasuwa, watan jiya, ka taka birki a bakin tasha motar ba ta tsaya ba sai da ta ture teburin mai tumatir, kuma akwai mata zaune a wurin. Ta ce ka hana a gaya mana. Tun da na ji ban samu natsuwa ba. Ina wurin aiki ina karɓar haihuwa, hankalina yana Matameye.

Na yi magana da Yaya Marwan a Lome. Ka san motoci ne aikinsa a tashar jiragen ruwa. Ya ce ya karanta abin da ake rubutawa a Turai a kan irin wannan ƙaramar kat-kat, inda suke ajiye sakamakon binciken kowace mota. Wai idan ta tsufa, birki da tsatsa da fitila su ne ke kayar da ita, kuma in an gyara wannan sai wancan ya taso. Abin da aka gaya maka a Damagaram ke nan daidai, ba ƙari ba ragi. Ya ce walda ba ta mayar da ruɓaɓɓen ƙarfe sabo.

Mun yanke shawara, in ka yarda, ka sayar da ita. Mu za mu haɗu mu aiko maka da wata mai ƙuruciya, mai sanyi a ciki, wadda ba sai ka yi ta kokawa da giya ba. Gwaggo ma za ta fi jin daɗin zama, ka tuna yadda take kuka da bayanta duk lokacin da kuka sauka.

Na san abin da motar nan take a wurinka. A cikinta ka kai ni lakwal, makarantar koyon aikin ungozoma, akwatina a kan cinyata saboda ba ta da wurin kaya. Ban manta ba. Amma Baba, kai muke so, ba ita ba. Shekarunka sun ja, kunne ya yi nauyi, kada a haɗa da birkin da ba ya kamawa.

Ka yi tunani, kada ka yi fushi. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ɗiyarka,
Zuhra


Matameye, cikin azumi

Zuwa ga Zuhra.

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Takardarki ta same ni, na karanta ta sau da yawa. Ban yi fushi ba. Na ɗan yi da Mamanki, amma ya wuce kafin magariba.

Maganar teburin tumatir gaskiya ce. Na nemi gafarar mai shi, kuma na ji tsoro ranar fiye da yadda na nuna. Saurayin nan na Damagaram bai yi ƙarya ba ko ɗaya, ni ma da na kwanta a ƙarƙashinta a garejin Salisu na ga tsatsar da idona, na sa yatsa ta ɓare. Ba na jayayya da bizit. Abin da nake cewa shi ne, an ce a gyara, ba a ce a jefar ba.

Marwan yana karanta labarin Turai. Ki tambaye shi ko a can suna da yashin da ke tsakanin Tsauni da garin Gwaggonki. Wannan motar ba ta da kyau, na sani. Gajera ce, tana jijjiga mutum har haƙora su haɗu, in an yi iska mai ƙarfi a kwalta sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Amma ba ta da nauyi. Inda manyan motocin ma'aikatarmu ke nutsewa, ita sai in ja ƙaramar giyar nan ta ƙasa, ta yi gurnani, ta haye. Shekarar da ciwon shanu ya shiga rugagen Icirnawa da damina, ni kaɗai nake isa da allura. Fulani sun san ƙararta, kafin in ƙaraso sun tara garke.

Ban san yadda zan yi miki bayani ba, Zuhra. Mutum in ya ajiye aiki, kowa sai ya fara yi masa abu. A kawo masa ruwa, a ɗauke masa buta, a ce zauna Baba. Abin da ya rage mini da nake yi wa wani shi ne tuƙin nan. Yaya Habi ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta ƙi aure shekaru saboda ni. Yau in ta ji na tsaya a ƙofar gidanta, tana fitowa da sandarta tana faɗa wai na makara, ni kuwa daɗi nake ji.

Mamanku ta bi bayanku. Jiya bayan la'asar ta zauna ta yi ta hawaye, ta ce duk ranar da na fita da motar ba ta iya cin abinci sai na dawo. Ban taɓa sanin haka ba. Ku uku ne, ni ɗaya. Ku bar ni in gama azumi, in yi istihara.

Wassalam.
Mahaifinki


Lome, bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga mahaifina, Malam Lawwali.

Assalamu alaikum, Baba. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaishe da Mama da Gwaggo da dukan gida.

Zuhra ta ce ka amince, na yi murna ƙwarai. Mai kawo wannan takarda shi ne ya tuƙo motar, amintaccena ne, zai nuna maka yadda komai yake aiki kafin ya juyo. Ni na zaɓe ta da kaina cikin motoci masu yawa. Ba ta yi tafiya mai nisa ba, kuma irinta ba kasafai suke faɗuwa a bincike ba, na duba sosai. Babu giya ta hannu, ƙafa ɗaya kawai za ka yi amfani da ita. In ka ja baya tana nuna maka abin da ke bayanka a allo, tana kuma yin ƙara in ka kusa taɓa wani abu. Tana da tsayi daga ƙasa, yashi ba zai dame ta ba in sha Allah. Mai ja da ƙafa huɗu ta irinta ba ta samu ba a wannan jirgin, amma wannan ma ta isa, kuma ta fi ƙarancin shan mai.

Takardunta duk suna cikin aljihun gaba. Ka kai ta bizit a Damagaram, za ka ga bambanci.

Ka sa mana albarka.

Ɗanka,
Marwan


Matameye, watan Zulƙida

Zuwa ga ɗiyata Zuhra.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya da wannan zafi. Nan ma rana tana dukan mu, ana ta gyaran gonaki ana duban gabas.

Motar ta iso lafiya. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku masu yi muku. Unguwa duk ta fito kallo, liman ma ya zo ya yi addu'a. Baƙa ce mai sheƙi, Mamanki ta ɗinka mata mayafi da tsofaffin zannuwa saboda kaji.

Na kai ta bizit. Saurayin nan na samu, ya gane ni. Ya shiga rami ya fito nan da nan, ya ce babu abin da zai rubuta, lafiyarta ƙalau daga gaba har baya. Na tambaye shi ko na'urarsu tana auna yadda mota ke yi a yashi. Ya ce wannan ba ya cikin aikinsu, su birki da fitila da hayaƙi da ƙafafu suke dubawa, don kada mota ta kashe mutane a hanya. Na ce ya yi gaskiya. Na karɓi takardata na fito.

Ƙaramar kuwa na sayar wa Abdurrazak, wani mai lambu daga Icirnawa, wanda na san mahaifinsa. Na gaya masa duk abin da aka samu a jikinta, na haɗa shi da Salisu. Ranar da ya zo ɗauka na kwashe kayana daga ciki: igiya, shebur, tsohuwar jakar allura, da wata hular Marwan ta yarinta da ban san tana ƙarƙashin kujera ba. Na nuna masa yadda ake lallashin giya ta biyu da safe. Da ya tayar ban tsaya kallo ba, na shiga gida na ce a ba ni ruwa.

Sabuwar ina koyonta. Ƙafata ta hagu har yanzu tana neman abin takawa. Ƙarar da Marwan ya ce tana yi in an ja baya, ni ba na jin ta, sai Mamanki ta taɓa ni. Injinta ma ba na ji, sai in rasa ko tana kunne ko a kashe. Tsohuwar a jikina nake jin ta, ta kujera.

Na je ɗauko Gwaggonki sau ɗaya. Daga inda jar ƙasa ta ƙare na shiga yashi kaɗan, na ji ƙafafun gaba suna tona, sai na ja baya tun da sauran dama. Na bar ta a gindin wata tsamiya a Tsauni, na hau amalanken shanu na ƙarasa. A amalanken muka fito da Gwaggonki, ta sha wuya ƙwarai. Ta tambaye ni ina ƴar motarta, haka take kiranta. Na ce tana wurin gyara. Da ta ga baƙar ta ɗauka aro na yi, ta ce in mayar wa mai ita da wuri, sanyin cikinta yana shiga mata ƙashi.

Kada ki gaya wa Marwan maganar yashi, ya yi ƙoƙari. Zan saba.

Mahaifinki,
Lawwali


Yamai, bayan babbar Sallah

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ina fatan an yi layya lafiya. Kilishin da Mama ta aiko ya iso.

Shiru ya yi yawa, takarda biyu na aiko ban ga amsa ba. Mama ta ce motar tana rufe da mayafinta, sai ranar Juma'a kake fita da ita, wani lokacin ma da ƙafa kake tafiya. Ta ce ka rage zuwa majalisar ƙofar Alhaji Maman, kana yini a zaure da rediyo a kunne. Ta kuma ce Gwaggo ta ƙi hawa amalanke, sai dai ka karɓo mata magani ka ba masu zuwa kasuwa su kai mata. Baba, hawan jini ba a yi masa haka, sai an auna an gani. Ko za ka lallashe ta ta dawo gidanmu ta zauna har damina ta wuce? Na san za ta ce awakinta da gonarta, amma a gwada.

Na karya maka umarni, na gaya wa Yaya Marwan maganar yashi. Ya ce a rage iskar tayoyi kafin a shiga, kuma kada a tsaya a tsakiya. Ya ce in abin ya ƙi, bayan kaka zai nemi mai ja da ƙafa huɗu a musanya. Ka yi haƙuri zuwa lokacin, watanni kaɗan ne.

An ce ruwa ya sauka a wajenku. Allah ya ba da damina mai albarka. Ka rubuto mini ko layi biyu ne.

Ɗiyarka,
Zuhra


Matameye, watan Safar

Zuhra,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kin riga kin ji a waya, kuma an kawo mini gaisuwarku ke da Nasrullahi da Marwan. Allah ya ba da lada. Mamanki ta ce kina ta tambayar yadda abin ya faru, ita kuma ba ta wurin. To ga shi, zan rubuta sau ɗaya, kada a sake tambayata.

Na lallashi Gwaggonki ta dawo Matameye kamar yadda kika ce, na aika har sau biyu. Ta ce ba ta barin geronta yana fitowa, in ƴar motarta ta dawo daga gyara in zo in ɗauke ta kamar kullum.

Ranar Laraba da safe jikanta ya kira wayar Mamanki, ya ce numfashinta ya yi sama tun asuba, tana kiran sunana. An yi ruwa mai yawa kwana biyu a jere. Ranar ba kasuwa ba ce, babu motar da ke shiga can, kuma ba a ɗora mai irin wannan ciwo a babur. Na cire mayafin na fita. Har Tsauni ban samu matsala ba, motar tana gudu kamar ruwa. A bakin yashi na tsaya na rage iskar tayoyi yadda Marwan ya ce, na yi bisimilla na shiga.

Na ci rabin hanya. Kin san kwarin nan mai goruba, inda ruwa ke kwanciya. Bai kai gwiwa ba, na ratsa wanda ya fi shi da ƙaramar ban ko ɗaga ƙafa ba. Ina kaiwa tsakiya ƙafafun gaba suka fara juyawa a wuri ɗaya, cikinta ya zauna a laka. Fitilu suka cika allon, ja da rawaya, daga nan ta mutu. Na nemi shebur, sai na tuna yana zauren gida, ban taɓa sa shi cikin wannan ba don kada ya ɓata mata shimfiɗa.

Na tona da hannu. Masu noma suka gan ni suka zo, Allah ya saka musu, muka sa rassan goruba, muka tura, muka ɗaga. Ko da ta fito ba za ta tashi ba, ruwa ya shiga inda ba ya kamata. Na ɓata lokaci a nan, Zuhra. Da tun farko na bar motar na kama hanya da ƙafa, da na sami Gwaggonki da rai. Amma tunanina shi ne in je da abin da zan ɗauko ta da shi. Sai da rana ta take tsaka na haƙura, wani ya kwance shanunsa daga garma ya ɗaura amalanke.

Muna shiga gari na ga maza suna dawowa daga gabas da faretani a kafaɗa da makara babu kowa a kai. Ba sai an gaya mini ba. Sun jira ni, sun aika yaro a babur ta hanyar arewa, ni kuwa ta kwari na biyo. Hadari ya sake haɗuwa, liman ya ce a yi mata sutura.

Surukarta Halimatu ita ta riƙe ta har ƙarshe. Ta ce hankalinta bai gushe ba, ta yi kalmar shahada da bakinta. Ta ce tun safe ta sa a buɗe ƙofar ɗakin, duk abin da ya wuce mai inji sai ta ɗaga hannu a yi shiru. In ta saurara sai ta ce, "Ba ita ba ce. Ta Lawwali ƙararta daban take."

Ban taɓa gaya mata na sayar ba. Ko da na iso da baƙar, ba za ta ji zuwana ba.

Na zauna kwana uku a can. An jawo motar da tarakta, tana garejin Salisu, ya ce abin na kwamfuta ne, sai an kawo mai na'ura daga Damagaram. Ban je na duba ta ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habi, ya sa ta huta. Ku yi mata addu'a.

Mahaifinki


Yamai, watan Safar

Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya ba ka haƙurin rashinta.

Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa. Na san abin da za ka ce, kwananta ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. A wurin aikina na ga waɗanda aka kawo da wuri suka tafi, na ga waɗanda aka kawo a makare suka tashi. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ka rubuto mini a azumi ka ce an ce a gyara, ba a ce a jefar ba. Na karanta a lokacin, na ce a raina rigimar tsufa ce. Ka yi maganar yashi, ni da na tashi a Matameye, na san hanyar nan, na taɓa sauka na tura mota a kwarin nan da kaina. Amma na bar takardar bizit da labarin Turai suka fi maganarka nauyi. Tsoro ne ya rufe mini ido. Ina ta hango ka a ƙarƙashin wata babbar mota a kwalta, ban hango Gwaggo tana jira ba.

Yaya Marwan ya kasa rubuto maka. Ya kira ni, ya ce ya san ba mai ja da ƙafa huɗu ba ce, ya ga kyanta da lafiyarta ya ce za ta yi. Yana jin nauyinka. In ka samu hali ka sa Mama ta kira shi, ka yi masa ko kalma ɗaya, ko ba ka ji amsarsa ba.

Ga abin da muke roƙo. Mama ta ce Abdurrazak ya gyara ƙaramar, ana ganinta ranar kasuwa da kayan lambu. Ka ba mu izini mu nemi ya sayar mana da ita, mu sama masa wata. Ba don ta gyara abin da ya wuce ba. Don ka riƙa fita, ka je Icirnawa wurin abokanka, ka koma yadda muka san ka. Mama ta ce ka rame, abinci sai ta tsaya a kanka.

Ka yafe mana, Baba.

Ɗiyarka,
Zuhra


Matameye, farkon Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗiyata Zuhra.

Assalamu alaikum. Babu abin yafewa. Birkin nan ba ya kamawa, kun ji tsoro, kuma ni na miƙa makulli da hannuna. Na yi magana da Marwan, Mamanki ta ce kuka yake yi, na ce ya bari.

Abdurrazak ya zo yi mini gaisuwa. Ya ce bayan gyara ya kai ta bizit ta wuce, ba a samu komai ba. Ya ji labari, ya ajiye makullin a kan tabarmata ya ce in ɗauka. Na fita na zagaya ta, na buɗe ƙofa, na zauna. Ya tambaye ni ko zan ɗan zaga da ita. Na riƙe sitiyari ina tunanin inda zan je, ban samu ba. Na mayar masa da makullinsa. Kada ku nemi saye.

Za a yi sadakar arba'in ranar Alhamis ta sama. Gero ya fitar da kai a gonarta, babu wanda ya yi irinsa a garin. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo, ke nake so ki raka ni. Ban iya zuwa kabarin ni kaɗai ba tukuna.

Mahaifinki,
Lawwali